Ƙwai a Lagireto

Da igiya aka jawo motar zuwa gareji, kuma tun kafin a kwance igiyar ƙarninta ya riga ya kori 'yan zaman banza daga kan benci. Tsohuwar jif ce mai buɗaɗɗen baya, irin masu dogayen ƙafafun nan da ba ruwansu da rami ko laka. A da fara ce. Yanzu kuwa sai wanda ya san ta tun asali ne zai iya rantsuwa a kan haka.

Mai garejin ya fito yana goge hannu, ya ja ya tsaya daga nesa. Abokan sana'arsa Sarkin Tsafta suke ce masa, kuma ba yabo suke nufi ba. Shi ne bakaniken da yake wanke hannu kafin ya taɓa inji, ya jera notuna a kan farin ƙyalle, ya share ƙasan gareji kamar nan zai shimfiɗa tabarma ya kwana. Ko ruwa ba ya sha a kofin da ya ga wani ya kai wa baki. Mutum ne mai ƙyanƙyamin tsiya da Allah ya jarrabe shi da sana'ar baƙin mai, don haka mita ba ta ƙarewa a bakinsa daga safe har yamma.

Motar kuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa, domin ta surukinsa ce, mahaifin matarsa. Tsohon ya yi aikin awon filaye har ƙarfinsa ya ƙare, kuma da wannan motar ya keta dazuzzukan da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Mutum biyu kaɗai ya yarda su buɗe bonet ɗinta, shi da mijin 'yarsa. Sai bara ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya kwanta a ɗakin baya na gidansa, mota ta koma hannun 'ya'yansa maza uku. Tun daga ranar ba ta sake taka garejin ba. Sun ce Sarkin Tsafta ya cika iyayi, aikin da za a yi a tsaye shi sai an kwana.

Da safen nan, kafin ya fito, matarsa ta riƙe masa gefen riga. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har likita ya hana ta fita. Rabonta da gidansu an daɗe. Ta waya kawai take jin mahaifinta, shi ma sai wani ya ga damar kara masa wayar a kunne.

"Baban yara, muryar Baba kullum ƙara nisa take yi," ta ce. "Zazzaɓi ya ƙi sauka. Likitansa ya ce a kai shi ranar Talata ko ta halin ƙaƙa, ga shi kuma sun ce mota ta mutu."

Ba sai ta ƙarasa ba. Ruwan bana ya cinye layin gidan surukin nasa ya mai da shi kwazazzabo, ƙananan motoci a bakin titi suke juyawa. A farkon damina an gwada fito da tsohon a kan kujera, aka yi santsi, saura ƙiris a juye shi cikin kwata. Yanzu ko zaman ma ba ya iyawa, sai kwanciya. Mota ɗaya ce za ta iya shiga layin har ƙofar gida a shimfiɗa masa katifa a bayanta, kuma ga ta nan an jawo ta da igiya. In ba ta tashi kafin Talata ba, Baba ba zai ga likita ba.

Autan gidan ne a kan sitiyari, ƙaton saurayi mai gyararren gemu wanda babu wanda ya san takamaiman aikinsa. Ya diro yana karkaɗa mukulli, ƙamshin turarensa yana kokawa da ƙarnin motar.

"Mijin Yaya, ga mutuniyarka na kawo maka," ya ce. "Ɗan fushi ta yi."

"Fushi," Sarkin Tsafta ya maimaita, bai ko dube shi ba.

Ya zagaya ya leƙa baya. Babban wansu ɗanyen kifi yake sarowa daga bakin ruwa, shi ya sa ake ce masa Mai Kifi. Mai bi wa matar Sarkin Tsafta kuma bulo yake bugawa. Duk sana'o'in biyu suna nan kwance a bayan motar. Ruwan kifi ya ci ƙarfe ya huda shi, siminti ya zubo a kai ya daskare tare da ɓawon kifi da ƙaya, sannan wani sabon ruwan kifin ya kwanta a kan simintin ya yi kore. A kusurwa, ƙarƙashin wani buhu, fararen tsutsotsi suna ta hidimarsu. Sarkin Tsafta ya mai da buhun da bakin takalmi, ya tofar da yawu.

Ana haka Mai Kifi ya iso a kan babur, ya kafe shi, ya zo da fara'arsa.

"Injiniya, an shiga hannu. Ka ɗan taɓa mana ita, ba wani abu ba ne. Zafi ta yi, ta yi hayaki, ta tsaya."

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Sarkin Tsafta. Ya je ya wanke hannu, ya ɗaga bonet.

Inda ƙarfe ya kamata ya riƙe batir, igiyar shanya ce. Tiyon ruwa an naɗe shi da robar taya an ɗaure da waya. Ya buɗe gidan matatar iska, bai sami matata ba, sai wata tsohuwar safa da aka cusa, ɓera kuma ya yi sheƙa a cikinta ya bar kashinsa ya tafi. Duk wannan ya haɗiye. Sai ya sa tsumma ya murɗe marfin lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji.

Ɗoyin da ya fito ba irin wanda hanci kaɗai yake ji ba ne, har a harshe mutum yake jin sa. Mai facin taya na maƙwabta ya ajiye abin da yake ci ya koma tsallaken titi. A bakin marfin wani abu ne yake reto, fari-fari, rawaya-rawaya, kamar majina. Sarkin Tsafta ya ja da baya.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ƙwai ne," in ji Mai Kifi, ko a jikinsa. "Ai yoyo take yi. Direbobin bakin ruwa duk haka suke yi. Ka fasa ɗanyen ƙwai ka zuba, in ruwa ya yi zafi sai ya dahu ya toshe hujin. Dabara ce."

"Guda nawa ka zuba?"

"Wa ya ƙirga? Duk sanda na ga ta fara ɗiga dai."

"Ni ma ina sawa," in ji Auta, don kada a bar shi a baya. "Amma shi Yaya farin kawai yake zubawa. Ni har da gwaiduwar, ya fi kamawa. Mai Bulo kuma garin barkono yake sawa da ɗan sabulu."

Dabarar tana nan, ba ƙarya Mai Kifi ya yi ba. Amma ta mutumin da mota ta tsiyaye masa a tsakiyar daji ce, ya zuba ƙwai ɗaya ya lallaɓa zuwa garejin farko. Su kuwa bayin Allahn nan sun mai da ita ciyarwa ta yau da kullum. Ƙwai bai san hujin da ake so ya toshe ba. Ya toshe na yoyon, ya wuce ya toshe duk 'yan siraran hanyoyin da ruwa yake bi ya huce. Ruwa ya rasa hanya, inji ya tafasa, gaskit ɗin da ke like kan silinda ya ƙone. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a nan hannayen ne suka ƙazanta miyar.

"Allurar zafi ba ta nuna muku ba? Jar fitila ba ta kama ba?"

Auta ya sosa ƙeya. Sarkin Tsafta ya leƙa gaban sitiyari, ya ga an liƙa wata takarda mai hoton fure daidai kan fitilar.

"Damuna take yi da ido," in ji Auta.

Sarkin Tsafta ya kwanta a kan kwali ya shiga ƙarƙashin motar, ya tara daro, ya kwance notin da ake juye mai ta wurinsa. Ya jira. Ko ɗigo bai sauko ba. Sai da ya zura waya ya zungura, sannan wani baƙin abu ya fara fitowa guda-guda, yana faɗawa cikin daron da nauyi kamar kashin shanu, bayansa wani ruwa mai kumfa ya biyo. Ya fito daga ƙarƙashin motar, ya zauna a ƙasa, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba.

"Wa ya yi mata juye na ƙarshe?"

"Ni dai duk sanda na ɗauka sai na ƙara mai," in ji Mai Kifi. "Ban taɓa barin ta da ƙishi ba."

"Ban ce ƙari ba, Yaya. Juye na ce. A zubar da tsohon, a canja matata, a zuba sabo."

"Wannan ai na ɗauka Mai Bulo yana yi. Shi ne kusa da masu mai."

Aka kira Mai Bulo a waya. Yana ihu saboda ƙarar injin bulo, ya ce shi ma ƙarawa yake yi, kuma da mai mai kyau, wanda yake juyewa daga janaretonsa, don bai gama mutuwa ba. Juye kuwa ya ɗauka Auta ne yake yi, tunda shi ba shi da aikin fari balle na baƙi. Auta ya ce shi fa aro kawai yake yi. Kowa ya faɗi nasa da zuciya ɗaya, babu wanda ya ji kunya, domin kowa ya san ya zuba wani abu a motar nan da hannunsa. Wannan shi ya fi ƙona wa Sarkin Tsafta rai. Da mugunta suka yi da ya san abin da zai faɗa musu.

"Ku tafi," ya ce. "Ku bar mukullin."

Da ba don Talata ba, da ya sa an mai da ita inda aka ɗauko ta. Amma fuskar matarsa tana gabansa, don haka ya ɗaure hanci da ƙyalle ya fara. Ya cire lagireto ya kai wa mai walda, mai walda ya fasa shi, ya ja baya yana salati, ya ce sai dai su yi tare. Suka zauna suna zura siririn ƙarfe a hanyoyin ruwan ɗaya bayan ɗaya, dafaffen ƙwai na watanni yana fitowa tsutsa-tsutsa, baƙi da kore. Ana cikin yi Sarkin Tsafta ya tashi ya zagaya bayan shago ya amayar da abin da ke cikinsa, ya kuskure baki, ya dawo ya ci gaba.

Ya sauke kan silinda, ya tarar zafi ya ɗan lanƙwasa shi, ya kai wurin masu gogewa suka daidaita. Ya kwance kwanon mai na ƙarƙashin inji ya kankare shi da cokali, don babu wani abin da zai iya. Abin da ya fi tsoro shi ne ƙarafan ciki su kasance sun cinye juna. Ya duba su ɗaya-ɗaya da yatsa, ya tarar sun ji jiki amma ba su mutu ba. Wannan ba alherin kowa ba ne sai na tsohon, wanda ya yi shekaru yana ba ta haƙƙinta. Ya jiƙa komai a kananzir, har da kafireto, ya bi da burushi, ya jera a kan farin ƙyalle. Ƙyallen bai sake komawa fari ba.

Kullum in ya koma gida sai ya yi wanka ya sake, amma ƙarnin yana nan a hancinsa, abinci ma sai ya tura shi da ƙyar. Matarsa tana kwance da ƙafafu a kan filo, ba ta tambayarsa gajiya sai ta fara da abu ɗaya.

"Za ta tashi?"

"Za ta tashi."

"Yau da aka kara masa wayar, numfashinsa kawai na ji."

Ba ya gaya mata abin da ya gani a cikin injin. 'Yan'uwanta ne, kuma mai tsohon ciki ba a ƙara mata kaya.

Ranar Litinin da la'asar ya ɗaure noti na ƙarshe, ya zuba sabon mai da ruwa mai tsabta, ya ɓare takardar furen nan ya jefar. Ya murɗa mukulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta kama, ta zubar da baƙin hayaki har mai facin taya ya yi masa Allah ya isa, sannan hayakin ya washe, muryarta ta daidaita. Ya tsaya da hannu a kan ƙarfenta yana kallon allurar zafi, ta hau zuwa tsakiya ta tsaya cak. Ya ji daɗi har cikin ransa, amma bai nuna wa kowa ba. Ragowar yinin a bayan motar ya ƙare, da guduma da ruwan zafi da sabulu, yana fasa siminti yana kwashe abin da ke ƙarƙashinsa.

Labari ba ya kwana. Kafin magariba Mai Kifi ya kira, ya ce ya ji an ce ta tashi, ko zai ɗan yi sawu ɗaya da asuba zuwa bakin ruwa, ai kafin lokacin asibiti ya dawo. Sarkin Tsafta ya ce da sauran aiki, ya kashe wayar, ya jefa mukullin a aljihu.

Da safiyar Talata ya ɗauko katifar ɗakin baƙinsa ya shimfiɗa a baya, ya rufa mata wankakken zanen gado, ya ɗaura tamfol a sama saboda rana. Motar ta gangara layin nan tana hawa tana sauka kamar ba a taɓa yi mata komai ba, har ƙofar gidan.

Ya yi sallama ya shiga. Matan 'ya'yan gidan suna tsakar gida suna wanke-wanke, aka gaisa. Mai Kifi da Auta suka fito, sun sha wanka sun sa kayan fita, don zuwa asibiti da uba abu ne da ake so a gan ka a ciki. Mai Bulo ya aiko cewa zai same su a can.

Tun da tsohon ya kwanta, Sarkin Tsafta daga bakin ƙofa yake gaishe shi, a durƙushe, labule a tsakaninsu, kamar yadda ya ga ya dace da suruki. Matar tsohon ta daɗe da rasuwa. Abin da yake ji daga bakin ƙofar ƙamshin turare ne, wani lokaci har ya yi yawa. Yau da ya ɗaga labulen ya shiga, sai ya gane abin da turaren yake rufewa.

Zarni ne, da wari, da wani abu a ƙarƙashinsu mai kama da naman da ya kwana a rana. Taga a rufe. A kan tebur kwalaben magani ne birjik, wasu ko buɗe su ba a yi ba, da gwangwanayen madara, da lemon da ya yi funfuna a cikin leda, da kwalaben turaren fesawa. Ba a yi rowa ba, kowa ya kawo. Tsohon yana kwance a kan gado, ya zama rabin mutumin da ya sani, an lulluɓe shi da sabon bargo mai kyau.

"Bakanike," ya ce da rabin bakinsa. Maganar tana fita da ƙyar, amma ana ganewa. "Na ji ta. Tun daga bakin titi na ji ta."

"Ina kwana, Baba. Ya jiki?"

"Ka gyara kafireto."

"Na gyara, Baba."

"Ka wanke ta?"

"Ciki da waje."

Tsohon ya lumshe ido. Sarkin Tsafta ya matso ya sa hannu zai ɗaga shi, ya ji jikin zafi rau. Da ya yaye bargon sai ya ga shimfiɗar ta yi tudu. Zane ne a kan zane. Na saman sabo ne fes, na ƙarƙashinsa ya yi danshi, na ƙarƙashin wannan ya yi rawaya, haka har ƙasa, inda ba a gane launin komai. Duk wanda ya shigo ya ga wuri ya ɓaci sai ya ɗan mirgina tsohon, ya shimfiɗa sabo a kai, ya fesa turare, ya fita da saurinsa.

Sarkin Tsafta ya janye hannunsa. Ya waiwaya, ya ga Mai Kifi da Auta a bakin ƙofa, ba su shigo ba, Auta ya kai gefen hularsa hanci.

"Mu kama shi da bargon gaba ɗaya," in ji Mai Kifi. "Lokaci yana tafiya. Can asibiti suna da masu wannan aikin."

Sai tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannun Sarkin Tsafta. Babu ƙarfi a riƙon, amma bai saki ba.

"Kada ka sa ni a cikinta haka," ya ce. "Zan ɓata ta."

Sarkin Tsafta ya ji baƙin ciki da kunya da fushi a haɗe, har bai san wanda ya fi yawa ba. Ya miƙe ya leƙa tsakar gida, ya ce a ɗora ruwa, a kawo masa babban daro da sabulu da gishiri kaɗan da duk wani tsohon zane mai tsabta.

"Injiniya," in ji Mai Kifi, ya rage murya, "wannan ai ba tsari ba ne. Kai suruki ne. Me mutane za su ce?"

"Gaskiyarka, Yaya. Zo ka yi, ni in riƙe maka daron."

Mai Kifi ya dubi ƙasa. "Ni ka san zuciyata ba ta da ƙarfi a kan irin wannan."

Mutumin da yake yini da hannu a cikin hanjin kifi ke nan. Auta kuwa wayarsa ta yi ƙara, ko kuma ya ce ta yi, ya fita amsawa. Sarkin Tsafta ya saki labulen, ya buɗe taga, ya naɗe hannun riga.

Ya fara da fuska da wuya da hammata. Da ya zo kan wando sai hannunsa ya tsaya. Tsohon ya lura, rabin bakinsa ya ɗan motsa kamar mai son yin dariya.

"Yi aikinka, Bakanike. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya yi. Ya mirgina shi a hankali, yana janye zannuwan ɗaya bayan ɗaya yana cusawa a buhu. Na ƙarshen ya manne da fata, sai da ya jiƙa shi da ruwan ɗumi ya jira, sannan ya ɓanɓare shi kaɗan-kaɗan. A ƙarƙashinsa, a kan ƙugu, gyambo ne mai faɗin tafin hannu, bakinsa ya yi baƙi, tsakiyarsa tana ruwa. Ga inda zazzaɓin yake fitowa. Sarkin Tsafta yana shaƙar iska ta baki, hawaye suna zubo masa, shi kansa bai san ko na warin ne ko na wani abu ba. Ya wanke gyambon da ruwan gishiri, tsohon ya cije leɓe ya juya fuska bango. Aka canja ruwa, aka sake canjawa. Matan gidan suna ajiye daro a bakin labule su koma da gudu.

Da ya gama ya tsane shi, ya rufe ciwon da ƙyalle mai tsabta. Ya buɗe akwatin tsohon ya ɗauko wata farar riga da ta daɗe a ninke, ya sa masa, ya taje masa gemu da yatsu.

"Yanzu fa, Baba?"

"Yanzu to."

Bai nemi kowa ya kama masa ba, kuma babu buƙata, tsohon bai fi nauyin lagireto ba. Ya rungumo shi ya ratsa tsakar gida da shi, kowa ya ba da hanya. Ya kwantar da shi a kan katifa ta gefen da babu ciwo, ya tokare shi da filo. Tsohon ya miƙa hannu ya shafa ƙarfen motar, ya kai yatsun hanci ya sansana, ya mai da hannun ya bar shi a wurin.

Auta ya riga ya buɗe ƙofar gaba zai shiga. Sarkin Tsafta ya ce masa baya zai hau ya riƙe kan mahaifinsa saboda ramuka, in kuwa ba zai iya ba ya sauka. Auta ya dubi fararen kayansa, ya dubi bayan motar, ya hau yana ɓata rai.

Mai Kifi ya dafa tagar direba.

"Ni zan biyo ku a babur. Af, Injiniya, in an gama sai ka bar wa Auta mukullin ya dawo da ita. Gobe ina da kaya."

"Ba za ta dawo ba, Yaya."

"Kamar yaya?"

"In likita ya riƙe Baba, tana ƙofar asibiti. In ya sallame shi, gidana za mu wuce, ɗaki yana nan, 'yarsa tana nan. Inda mai mota yake, nan mota take."

Fuskar Mai Kifi ta canja. "Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa? Da 'ya'yansa maza a raye, a ce ubanmu yana zaune gidan suruki? So kake a zage mu a gari?" Ya zagaya baya da sauri, ya leƙa ƙarƙashin tamfol. "Baba, kana jin abin da yake cewa? Ka yi masa magana."

Tsohon ya buɗe ido ya dubi babban ɗansa. Ya daɗe yana dubansa, ba da fushi ba, kamar dai mai son ya tuna inda ya san fuskar. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ƙwanƙwasa ƙarfen motar, yadda ake yi wa direba.

"Bakanike," ya ce, "ja mu tafi."